Bayan Aikin Ƙashin Baya: Likita Ya Gama Nasa, Saura Namu

A wannan wata filinmu zai duba jinyar mutumin da aka yi wa aikin tiyata a ƙasan baya. Mun iya haɗa kuɗin aiki, dangi na gida da na Kumasi kowa ya kawo gudummawarsa, amma da zarar mota ta sauke majinyaci a ƙofar gida sai mu ɗauka an gama. Alhali kuwa makonni shida na farko a gida su ne ke nuna ko kuɗin nan ya yi amfani ko ya tafi a banza.

Bari mu fara da sanin abin da likita ya taɓa. A ƙasan gadon bayan mutum akwai ƙasusuwa 5 a jere, kuma tsakanin kowane biyu akwai faifan guringuntsi mai taushi, wanda aikinsa kamar na gammo ne a kan mai ɗaukar kaya. Idan faifan ya tsage, abin da ke cikinsa ya ɓullo, sai ya danne jijiyar da ke sauka ƙafa. Daga nan ne mutum zai riƙa jin zogi tun daga kwankwaso har tafin ƙafa. Mafi yawan masu wannan ciwo suna samun sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 da magani da motsa jiki, ba tare da wuƙa ba. Wanda ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko ƙafarsa ta fara mutuwa, shi ake yi wa aiki a cire ɓangaren da ya danne jijiya. Aikin ba sabo ba ne, domin tun 1934 likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana yadda ake yinsa. Yau ana yinsa ta ƙaramar tsaga, wani lokaci ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba.

To, a nan ne mu mutanen arewa muke da tamu matsalar. Irin wannan aiki sai a manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Tamale, ko Komfo Anokye a Kumasi, ko Korle Bu a Ankara, ko asibitin FOCOS na Pantang wanda aka buɗe a 2012. Daga Navrongo zuwa Tamale kusan kilomita 190 ne, zuwa Ankara kuwa kimanin 800. Mai sabon ɗinki a baya ya zauna a lori dare guda ana girgiza shi, wannan kaɗai jarraba ce. Shawarata ita ce a nemi masauki kusa da asibitin har a koma ganin likita na farko. Mu 'yan Zango ba mu rasa ɗan'uwa a Nima ko Aboabo. In tafiyar ta zama dole, a riƙa sauka duk inda mota ta tsaya a ɗan taka ƙasa, domin doguwar zama tana sa jini ya daskare a ƙafa. Babur da keke mai ƙafa uku kuwa a ajiye su har likita ya ba da izini.

Kafin a baro asibiti, mai jinya ya tabbata ya riƙe abu uku a rubuce: takardar sallama mai bayanin aikin da aka yi, ranar cire zare, da hanyar da za a samu likitan in wani abu ya taso. Galibi ana cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, sai dai in irin wanda ke narkewa da kansa ne.

Yanzu sai mu zo ga miki. Mu tuna cewa tsagar da ake gani a fata ƙofa ce kawai, hanyar ta zarce har kusa da laka. Duk ƙazantar da ta shiga ƙofar tana iya bin hanyar. Kuma garinmu ba ya taimaka mana, domin a watan Maris da Afrilu zafin Navrongo da Bawku yakan haura digiri 40, gumi ya jiƙa bandeji tun kafin azahar, a lokacin hunturu kuma ƙura ta shiga ko'ina. Bandejin da ya jiƙe ko ya yi datti a canza shi, kuma mai canzawa ya wanke hannu da sabulu kafin da bayan ya taɓa. Wanka da bokiti a yi shi daga baya, in likita ya yarda. Kafin nan a goge jiki da tsumma mai tsabta a kauce wa wurin.

Ina roƙon iyayenmu mata da kakanninmu, don Allah a bar mikin yadda likita ya bar shi. Man kaɗanya yana da amfaninsa ga fata mai lafiya, amma ba wurinsa ba ne nan. Haka garin magani da ake barbaɗawa, da kafso da ake fasawa a zuba a ciwo, da gashi da ruwan zafi. Masu ɗori ma kada a kai musu bayan da aka yi wa aiki su murza. Muna da wurin wanke ciwo kusa da mu. Tsarin CHPS, wanda ya kai nas-nas cikin ƙauyuka, a nan Navrongo aka fara gwajinsa a 1994, gwamnati kuma ta karɓe shi a 1999 ya zama na ƙasa baki ɗaya. Ga kuma Asibitin War Memorial a Navrongo, da na Presbyterian a Bawku, da asibitocin gwamnati na Yendi da Salaga. A sabunta katin inshorar lafiya tun kafin a tafi aiki, kada ranar buƙata a tarar ya mutu.

Ga alamomin da in an gan su, ba a kwana a gida:

1. Miki ya yi ja yana faɗaɗa, ya kumbura, ya ɗauki zafi, ko yana fitar da mugunya ko wari, ko bakinsa ya buɗe.

2. Zazzaɓi da rawar sanyi. A nan sai mun yi hattara ƙwarai, domin mu kowane zazzaɓi na cizon sauro ne a wurinmu. Mutum ya aika kemis a sayo masa magani, ya sha kwana uku, alhali ƙwayoyin cuta ne ke cin wurin aikin. A je a gwada jini, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya cewa an yi aikin baya, a nuna masa takarda.

3. Ciwon baya mai tsanani da ya dawo bayan an fara samun sauƙi, har mutum ba ya iya juyawa a shimfiɗa. Wannan kan nuna cuta ta shiga gurbin faifan. Tana iya ɓullowa bayan makonni, lokacin da fata ta riga ta warke sumul, kuma maganinta yakan ɗauki mako 6 ko fiye.

4. Ruwa garau kamar na famfo yana tsatsafowa daga miki, tare da ciwon kai mai ƙaruwa in an zauna ko an tsaya, mai lafawa in an kwanta. Ruwan da ke kewaye da laka ne yake zuba. Ƙofar da ruwa ya fita, ta nan cuta za ta shiga ta zama sanƙarau, kuma mu da muka ga annobar 1997 ba sai an yi mana bayanin sanƙarau ba.

5. Fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba da sani ba, ko bayan gida ya kufce, ko tsakanin cinyoyi ya mutu ba a jin taɓawa, ko ƙafa tana ƙara rauni. Wannan ya fi duka gaggawa, sa'o'i ake ƙirgawa. Kunya tana sa dattijo ya ɓoye irin wannan ga 'ya'yansa, to a tambaye shi a keɓe, a kira motar asibiti ta lamba 112.

6. Ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo a sha-raɓa, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya.

Masu ciwon suga su sani mikinsu ya fi saurin kamuwa, saboda haka a riƙa auna suga a kai a kai. Mai shan taba ya ajiye ta, domin tana rage jinin da ke kai wa miki abinci. A ci wake da ƙwai da kifi da miyar ganye, a sha ruwa sosai, saboda magungunan kashe zafi suna ɗaure ciki, yunƙurin bayan gida kuwa yana wahalar da baya. Tramadol in likita ya rubuta, a sha yadda ya rubuta, kada a ƙara daga kasuwa. Mun ga abin da ya yi wa samarinmu.

Akwai kuskure biyu da suke fuskantar juna. Na farko shi ne a kwantar da majinyaci wata guda ana ba shi abinci a baki, da sunan tausayi. Likitoci sukan tashe shi ya yi tafiya tun ranar aikin ko washegari, kuma a gida ma tafiya kaɗan-kaɗan sau da yawa a tsakar gida ita ce magani. Na biyu shi ne mutum ya ji zogin ƙafa ya ɓace sai ya ɗauka ya warke. Ɗinkin fata ya riga na ciki haɗewa. Kimanin mutum 5 zuwa 15 cikin 100 faifan yakan sake ɓullo musu, kuma sunkuyo da ɗaukar nauyi da murɗa ƙugu tun da wuri ba sa taimakawa. Daka, jan ruwa a rijiya, buga famfon burtsatse, wanki a sunkuye, ɗaukar buhu, duk a ɗauke wa majinyaci su. Wannan maganar ta fi shafar mata, domin namiji in ya dawo daga asibiti hutawa yake, mace kuwa kwana biyu sai a gan ta a gindin murhu. Maigida, wannan nauyinka ne.

A ɗaga masa shimfiɗa daga ƙasa zuwa gado mai ƙarfi, a samar masa kujera mai rami domin bayan gida, tun da tsugunno yana da wuya. Batun salla kuwa, malamanmu sun yi bayani cewa wanda ba zai iya ruku'u da sujada ba yana iya yi da nuni, a tsaye ko a zaune. Kada wani ya ji nauyin jama'a ya tilasta wa kansa.

Masu zuwa dubiya, a gaida majinyaci a yi masa addu'a a tashi, kada kowa ya ce sai an buɗe masa ya gani, kada kuma kowa ya zo da nasa maganin a aljihu. Wanda yake son taimako ya ɗebo wa gidan ruwa, ko ya biya kuɗin motar komawa ganin likita, domin ranar komawa ba a tsallake ta ko da jiki ya yi daɗi.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Masu tambaya su aiko da wasiƙa ta hannun edita kamar kullum. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.