Lambun Gida da Kogin Jakara

Malam Edita,

Ina roƙon fili in yi kira ga masu ɗan lambu a gida a Kano. Takin zamani da maganin ƙwarin da muke zabga wa shuka, ruwan sama kan wanke su zuwa kwata, kwata ta kai Jakara, Jakara ta juye a dam ɗin Wasai. Da wannan ruwa ake ban-ruwan latas da alayyahon da muke ci.

Kashin kaji da ruɓaɓɓen ganye sun ishi zogale da tumatir, jiƙon ganyen darbejiya kuma yana korar ƙwari. Don Allah a daina malale tsakar gida kaf da siminti. A bar wa ƙasa inda za ta sha ruwa, rijiyoyinmu su samu.

Naka,
Mai karatu daga Fagge, Kano