Tausayin da Ke Iya Halaka Jariri

Jaririn da aka haifa da ƙaramin muƙamuƙi da tsagaggiyar ganɗa, sa shi barci domin tiyata aiki ne na gwanaye, gama harshensa kan koma baya ya toshe numfashi. Haɗari na biyu kuwa amai ne, wanda ke iya gangarawa cikin huhu. Shi ya sa galibi likitoci kan hana nono awa 4 kafin aiki. Uwar da ta shayar da shi a ɓoye don tausayi ta jefa shi cikin haɗari. Wajibi ne 'yan Arewa mazauna Ibadan da Ikko su nufi asibitocin koyarwa, su gaya wa likita gaskiya, ko da mura ce ta kama yaron. Gara a ɗaga aiki da a rasa ɗa.