Kwali Ɗaya Ya Isa Gwaji

Duk lokacin da aka ce saura wata biyu Salla ko Kirsimeti, sai sha'awar kiwon kajin nama ta motsa wa mutane da yawa, musamman ma'aikatan da suka karɓi kuɗin sallama, da matan da kwasar adashi ta zo kansu. Abin da ke jan su a fili yake: ɗan tsakon da aka sayo yau, cikin mako shida zuwa takwas ya isa yanka. Sai dai da yawansu tashin farko sukan zuba duk abin da suka mallaka a kan tsaki ɗari biyar, alhali kuwa ba su taɓa kwana da ko guda goma ba.

Masu ƙyanƙyasa, waɗanda da dama daga cikinsu suna Ibadan da kewayenta, a kwali suke sayar da 'yan tsaki, hamsin-hamsin. To, kwali ɗayan nan ya isa gwaji. Ba riba ake nema da shi ba tukuna. Abin da ake so shi ne mutum ya san nawa kaza ɗaya za ta ci masa, a gidansa, da farashin garinsu, kafin ta bar hannunsa.

Kuɗin tsaki shi ne ƙaramin abu. Abinci ne ke lashe wajen kashi 70 cikin 100 na abin da za a kashe. Kaji hamsin sukan cinye buhu takwas zuwa goma mai kilo 25, kuma mafi yawansa a makonnin ƙarshe, watau daidai lokacin da aljihu ya riga ya yi sanyi. Masu kiwo ba su manta da 2023 ba, sa'ad da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu, masara da waken suya da kuɗin mota suka yi tashin gwauron zabo, gonaki da dama suka rufe. Saboda haka wanda ba ya da kuɗin buhu goma a ajiye, gara ya raba kwali da maƙwabci.

Mako biyun farko na ɗumi ne. A shimfiɗa dusar katako, a tanadi gawayi, don wanda ya dogara da wutar lantarki a daren hunturu, da safe zai kwashi gawa. Riga-kafin Gumboro da Lasota a ruwan sha ake ba su, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana daga cikin masu yin su. Zafin Maris da Afrilu kuwa shi kaɗai ya isa ya kar da manyan kaji a akurkin da iska ba ta ratsa shi.

Amma inda aka fi faɗuwa shi ne wajen sayarwa. Kazar da ta isa yanka ba ta san kasuwa ta yi sanyi ba, kullum sai ta ci. Dillali ya san haka sarai, shi ya sa yakan taya da wulaƙanci ya tafi abinsa, ya tabbata gobe za a neme shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun tsaki na mako ɗaya ya kamata a zaga wurin masu gasa kaji da gidajen abinci da masu figa a kasuwa, a ji girman da suke so, da farashin da suke saye, da ko hannu da hannu suke biya. Sa'an nan ga 'yan uwa da abokan arziki masu cewa a ba su biyu zuwa ƙarshen wata. Cikin kaji hamsin, in goma suka tafi ta wannan hanya, riba ta bi su, wani lokaci har da uwar kuɗi.

Lalle ne kuma a ajiye littafi. A rubuta kome, har gawayi da ruwan 'yan garuwa da kuɗin acaɓa, da waɗanda suka mutu, da wadda aka yanka wa baƙo. In an sallami ta ƙarshe, a kwashe kashin a buhu, masu lambu suna saye don taki. A wanke ɗakin da magani, a bar shi mako biyu babu kome, a zauna da littafin nan a raba abin da aka kashe da yawan kajin da aka karɓi kuɗinsu, kafin a aika a kawo kwali na biyu.