Mu Daina Zagin Bature, Gara Ce Ke Cin Littattafanmu

Duk sa'ad da aka ambaci Alhaji Umaru Falke, malamin nan kuma ɗan kasuwa na Kano da ya rasu a 1962, sai 'yan'uwa marubuta su hau sababi, wai Turawa sun wawashe mana gado. Gaskiya ne, takardunsa sama da 3,000 suna Jami'ar Northwestern a Amurka. To amma tsakani da Allah, da an bar su a nan, a ina za mu ajiye su? Na tsararrakinsa da suka rage a zaurukan cikin birni, nawa gara ta ci, nawa ɗigar damina ta jiƙa, nawa magada suka yayyaga wajen rabon gado?

Akwai wasu mutane a Sifen, Katalawa, masu harshensu amma ba ƙasar kansu, kamar mu. A 1907 masanansu suka kafa ɗakin karatu a birnin Basalona domin tara duk abin da aka rubuta da harshensu. Daga baya suka mai da shi wani tsohon asibiti na ƙarni na 15. Janar Faranko ya danne harshen, ya sauya wa ɗakin suna, amma littattafan suna nan. A 1981 doka ta mai da shi ɗakin karatu na al'ummar Kataloniya, duk abin da aka buga a yankin sai an kai masa kwafi.

Mu fa? Tun zamanin Muhammadu Rumfa, da Shehu Maghili ya zauna a garin nan, Kano ke rubutu. Amma je ka nemi bugun farko na littattafan da muka fitar a shekarun 1980 da 1990, ka sha mamaki. Wani marubucin ma ba shi da kwafin nasa. A 2007 har ƙona wasu aka yi a bainar jama'a. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai: garar da ta ci ajami ba za ta ƙyale boko ba.

Kada wani ya ce aikin gwamnati ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiya ta nemi ɗaki ɗaya a cikin ganuwa, da kabad na ƙarfe, da rajista. Kowane mamba ya kawo kwafi biyu na kowane littafinsa taro mai zuwa. Wanda ya kasa, to ya daina zagin Bature.

Allah Ya sa mu gyara.