Tsadar Wuta Da Shanyar Damina

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, aka kuma ƙara wa wasu unguwanni kuɗin lantarki a Afrilun 2024, gidaje da yawa sun koma ga gawayi. To, damina ba ruwanta da tsada. A watan Agusta uwargida za ta wanke kayan makarantar yara, su kwana biyu kan igiya suna warin danshi. Nan ne wasu kan hura kurfoti, su rataya kaya a kai, su rufe ɗaki. 'Yan'uwana mata, wannan dabara garin gyaran gira ne a rasa ido.

Ku duba lokacin hunturu. Ana rawar sanyi, amma kafin azahar zane ya bushe ƙayau. Ashe ba zafi kaɗai ke busar da tufa ba, busasshiyar iska ce ke kwashe ruwan. In ɗaki a rufe yake, tururin ba inda za shi, sai ya koma jikin kaya da bango.

Risho ma ƙara danshi yake yi, domin kowace lita ta kananzir in ta ƙone tana sakin ruwa kusan lita guda cikin iska. Gawayi kuwa ya fi muni. Yana fid da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi. Ciwon kai da jiri ne farkonta, ƙarshenta a kwanta barci ba a tashi ba.

Tufafin su ma kowanne da halinsa. Atamfa da shadda na auduga suna riƙe ruwa, amma suna jure dutsen guga mai zafi har digiri 200. Nailan da sauran yadin roba kuwa maza suke bushewa, amma da sun kusanci garwashi sai su narke, in a jiki ne su manne wa fata. Gugarsu kada ta wuce digiri 110.

Saboda haka a matse kaya sosai, a naɗe cikin busasshen tawul a sāke matsewa, a baza su a rumfa ko kusa da taga, kada a jibga wani kan wani. In an kawo wuta, fanka ta fi dutsen guga arha. 'Yammata 'yan makaranta, ku yi wanki ran Juma'a da yamma, kada ku bari sai daren Lahadi.