Facin zuciya daga ɗakin gwaji: ina aka kwana, kuma me ya shafe mu?

A watan Janairun 2025, likitocin jami'ar Göttingen ta ƙasar Jamus sun wallafa sakamakon wani bincike a mujallar Nature da ya ja hankalin masu ciwon zuciya a duniya. Sun shuka tsokar zuciya a ɗakin gwaji, sun mai da ita kamar faci, suka ɗinka a kan zuciyar da ta gaji. Wata mata mai shekara 46 da aka yi wa wannan aiki ta samu dashen sabuwar zuciya bayan wata uku. Da aka duba tsohuwar zuciyar da aka cire, sai aka tarar facin yana raye, har jijiyoyin jini sun shiga cikinsa.

Dalilin da ya sa wannan ya zama labari shi ne zuciya ba ta gyara kanta yadda fata ko hanta ke yi. Bugun zuciya mai tsanani kan kashe ƙwayoyin tsoka da suka kai kimanin biliyan ɗaya, sai tabo ya maye gurbinsu, shi kuwa tabo ba ya harba jini. Masu bincike a cibiyar Karolinska ta Suwidin sun nuna a 2009 cewa kusan kashi 1 cikin 100 na waɗannan ƙwayoyi ne ke sabuntuwa a shekara a jikin ɗan shekara 25, kuma adadin yana raguwa da tsufa. Magunguna suna sauƙaƙa wa zuciya aiki, amma ba sa dawo da abin da ya mutu. Dashen zuciya kuwa, wanda aka fara a birnin Kef Tawun a 1967, har gobe masu jira sun fi zukatan da ake samu yawa.

Ƙofar ta buɗe ne a Japan. A 2006 Shinya Yamanaka na jami'ar Kiyoto ya gano yadda za a ɗauki ƙwayar fata ta ɓera a mai da ita ƙwayar tushe, wato wadda za ta iya rikiɗa ta zama kowace irin ƙwaya a jiki. A 2007 ya yi hakan da ƙwayar ɗan Adam, a 2012 aka ba shi kyautar Nobel. Wannan hanya ta kauce wa taɓa ɗan tayi, batun da ya daɗe yana jawo muhawara tsakanin malaman addini da masana kimiyya. A birnin Paris, Philippe Menasché ya fara gwajinsa kan marasa lafiya a 2014 da ƙwayoyin da aka samo daga ɗan tayi. A Osaka kuma, Yoshiki Sawa ya fara manna siraran faifan tsoka irin na Yamanaka a Janairun 2020, kuma kamfanin Cuorips ya nemi izinin hukumomin Japan a Afrilun 2025 bisa gwajin mutum 8.

Mutum 8 ba su isa a yanke hukunci ba, kuma nan ne ya kamata mai karatu ya yi taka-tsantsan. Matsalolin da suka rage manya ne. Sabuwar tsoka kan buga da nata kiɗan, kamar yadda Charles Murry na jami'ar Washinton ya gani a jikin birai a 2014, inda bugun zuciyarsu ya rikice bayan an yi musu allurar ƙwayoyin. Ƙwayar tushe da ba ta gama rikiɗa ba tana iya zama ƙari. Tunda ƙwayoyin na wani ne, dole mara lafiya ya sha maganin danne garkuwar jiki, wanda ke buɗe ƙofa ga wasu cututtuka. Sannan aikin yana buƙatar buɗe ƙirji da ɗakunan gwaji masu tsadar gaske.

Fannin ya kuma taɓa shan kunya. A 2018 jami'ar Harvard ta Amurka ta nemi a janye takardun bincike 31 da suka fito daga ɗakin gwajin Piero Anversa, saboda an samu bayanan ƙarya a cikinsu. Shekaru da dama da maƙudan kuɗi sun tafi wajen bin sawun da ba shi da tushe.

To, ina ruwan Bahaushen Garwa, Kumasi ko Injamena da wannan? Yawancin waɗannan gwaje-gwaje sun fi mai da hankali kan zuciyar da toshewar jijiya ta lalata. A ƙasashenmu kuwa, babban abin da ke gajiyar da zuciya shi ne hawan jinin da ba a kula da shi ba, sai lalacewar ƙofofin zuciya da ke biyo bayan ciwon maƙogwaro na yara, sai kuma raunin zuciya bayan haihuwa. Wannan na ƙarshe ya yi yawa a ƙasar Hausa fiye da kusan ko'ina a duniya. Likitocin Zariya sun rubuta a kansa tun shekarun 1970, inda suka zargi wankan jego da kunun kanwa, yayin da binciken da aka yi daga baya a Yamai da Kano ya nuna yatsa ga ƙarancin sinadarin selenium a jikin masu jego.

Haɗarin da ya fi kusa da mu shi ne na 'yan kasuwa. Akwai asibitoci a ƙasashen waje da ke tallar allurar ƙwayoyin tushe a intanet a matsayin maganin zuciya, ciwon suga da shanyewar jiki gaba ɗaya. Iyali na iya sayar da gona ko shanu don a kai dattijonsu, a dawo da shi yadda ya tafi. Kafin a biya ko sisi, a tambaya: wace hukumar lafiya ce ta amince da maganin, mutum nawa aka gwada shi a kansu, kuma a ina aka wallafa sakamakon? Gwajin gaskiya ba a saba cajin mara lafiya kuɗin shiga ba.

Aikin Göttingen da Osaka ci gaba ne na haƙiƙa, kuma ya cancanci a ci gaba da bibiyarsa. Amma abin da zai ceci zuciyar mafi yawanmu a bana yana asibitin unguwa: awon jini a kai a kai, rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano, shan magani ba tare da yankewa ba, da gaggauta kai mai jego wurin likita idan ƙafafunta suka kumbura ko numfashi ya yi mata wuya.