Ku bar mai jego ta raba jaririnta da robar nono a hankali

Jiya na je barka gidan wata ƙanwata, kuma abin da na gani ne ya hana ni yin shiru yau. Haihuwar fari ce, kwana goma sha biyu da sauka, na tarar da ita tana share hawaye, jariri na ta tsala kuka. Ashe surukarta ce ta ƙwace robar da take ɗorawa a kan nono ta wurga a shara, wai su da suka haifi tara ba su san wannan sabon salo ba, yunwa za ta koya masa kamawa. Wata gwaggo ta ce a lasa masa zuma kafin nan, wata kuma ta ce beli ne, a kira wanzami.

Wallahi raina ya ɓaci, don ni ma na bi ta wannan hanyar da ɗana na biyu.

Ga wanda bai san robar ba: wata 'yar siririyar roba ce mai laushi, kamar hula, da ƙananan huji a samanta, uwa ta kifa a kan nono jariri ya tsotsa ta ciki. Ana ba wa wadda kan nononta ya shafe ko ya shige ciki, ko wadda ta haifi bakwaini da bakinsa bai yi ƙarfin kamawa ba, ko wadda nonon ya tsage har yana jini. Ita wannan yarinyar da kuke yi wa gori, da robar nan ta hana a kai ga madarar gwangwani. Ina laifinta?

To amma laifin ba na surukai kaɗai ba ne. Masu kyamis da wasu ma'aikatan asibiti su ma suna da nasu kason. Sai a miƙa wa uwa roba kamar an ba ta alawa, babu wanda zai duba ko girmanta ya dace da ita, babu wanda zai ce ta dawo a yi wa yaro awo, balle a koya mata yadda za ta daina. Alhali idan robar ba ta zauna daidai ba, yaro na iya tsotsa ya gaji bai ƙoshi ba, ruwan nonon kuma ya riƙa ja baya. Tsani ce, ana hawa a sauka, amma a sauka da dabara.

Ni sai da na yi sati uku kafin ɗana ya rabu da ita. Wata nas mai haƙuri, Allah Ya saka mata da alheri, ita ta nuna mini. Ba na jira sai ya fara kukan yunwa, don yaron da ya fusata ba ya koyon komai. Da na ga ya fara motsa baki yana tsotsar hannu, sai in cire masa riga in kwantar da shi a ƙirjina, fata da fata. In fara ba shi da robar, idan nono ya kawo ya ɗan sha ya natsu, sai in zare ta da sauri in mayar da shi. In matso ɗan ruwan nono a kan nonon ya ji ɗanɗano, in riƙe nonon da yatsu ya ɗan tsuke, in jira ya wangale baki sosai tukuna. Lokacin da ya fi karɓa shi ne yana cikin magagin barci, musamman da asuba. Ranar da ya ƙi, in mayar da robar ba tare da na ji na gaza ba, gobe mu sake. Abin da ya fi komai shi ne ya ƙoshi.

Kuma don Allah kar a yanke bakin robar da almakashi wai don ya saba kaɗan-kaɗan, gefen da aka yanke na iya ji masa ciwo a baki.

Ta yaya uwa za ta san yana samu? Jariri sabon haihuwa na sha sau 8 zuwa 12 a kwana ɗaya, dare da rana. Daga kwana na biyar ya kamata ya jiƙa kunzugu ko famfas aƙalla sau 6 a rana, kuma wajen sati biyu ya mayar da nauyin da aka haife shi da shi. Idan ba a ga haka ba, ko yaro ya yi laushi ba ya farkawa ya sha, asibiti za a nufa a ranar, ba gidan wanzami ba. Cire beli ba ya koya wa yaro kama nono, sai dai zubar jini da shigar cuta. Zuma kuwa ba a ba wa yaron da bai cika shekara ba, tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye masa jiki. Ruwa ma Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi a bari sai ya yi wata shida, nono zalla ya ishe shi ko a zafin Afrilu.

Duk shekara daga 1 zuwa 7 ga Agusta ana makon shayarwa na duniya, a raba riguna a yi jawabai. Ni dai da za a ji tawa, a zaunar da ma'aikaciya guda a kowane wurin awo da rigakafi, wadda aikinta kawai ta duba yadda jariri ke kama nono.

Iyayenmu mata, mun san ƙauna ce ke sa ku magana, amma tsawa ba ta kawo ruwan nono. Ku kuma maza, kar ku tsaya a sayen ragon suna, ku tsaya wa matanku idan an taso su a gaba.

Ƙanwar tawa dai na saya mata wata robar kafin in baro gidan, ranar Litinin kuma ni zan raka ta awo. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba masu jego lafiya.